Shaidar Baffa Daga Fatakwal

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, ko arba'in ba a yi ba wani maƙwabcinmu ya sa garma a fadamarmu ta Diggi. Marigayi ne ya ara masa ita damina biyu, lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Shi kuwa da ya ɗanɗana daɗin shinkafa, sai ya ce ai gadon ubansa ce. Kai jama'a! Fadamar nan ita ce tuwon Inna da ƙannena mata huɗu. Ni malamin firamare ne a Gwandu, aikin ko ni kaɗai bai riƙe ni ba. In ta tafi, mun shiga uku.

Na kai ƙara Kalgo. Alƙali ya ce in kawo shaidu biyu da suka san asalin gonar. Ɗaya na samu ba wahala. Na biyun fa? Duk waɗanda aka yanke iyaka a gabansu ƙasa ta rufe musu ido, sai Baffa, aminin mahaifinmu, wani tsohon Bafillace da ɗansa ya ɗauke zuwa Fatakwal bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce ko tashar mota kada a kai shi.

Wata uku ina zarya tsakanin Gwandu da Kalgo a kan babur, ana ta ɗage zama, damina na ƙaratowa. Ni kuma dama ba a san ni da haƙuri ba, har rajistara ya fara ɓuya in ya hango ni. A ƙarshe alƙali ya yarda a ɗauki shaidar ta waya mai hoto. Aka rubuta wa wata kotu can, za a kai Baffa gabanta, ma'aikacinsu ya tabbatar shi ne, ya kuma tabbatar babu mai raɗa masa magana. Zama ɗaya aka ba ni, daga shi za a yanke hukunci.

Ran zaman aka jingina waya da tulin takardu a teburin alƙali. Sai ga Baffa, ya rame, hula ta yi masa yawa, baki ya karkace. Amma kansa garau! Ya zayyana iyaka tun daga tsamiya har bakin gulbi, bai yi tuntuɓe ba. Na fara hamdala a zuci.

Alƙali ya ce, “To Baba, gonar ta wa ce?”

“Ta mai sunan yaro ta.”

Tun ina ƙarami haka yake kiran mahaifinmu, don sunansu ɗaya da ɗan Baffa na fari, wanda ƙyanda ta kashe tun kafin a haife ni. Ɗan fari ko yana raye Bafillace ba ya kama sunansa, balle wanda ya binne da hannunsa. Na san wannan sarai, amma wallahi duk shirin da na yi bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Abokin shari'ata ya yi wuf ya miƙe. “Allah ya gafarta Malam, yaro nawa ne a duniya? Ni ma ubana sunan wani yaro gare shi.”

Alƙali ɗan ƙasar nan ne, ya gane. Ya sassauta murya ya ce, “Baba, na san abin da ke hana ka. Amma takarda ba ta san kunya ba, ni kuma ba ni da ikon sa maka magana a baki. Sai ka faɗi suna.”

Baffa ya sunkuyar da kai. Ma'aikacin can ya ce a hanzarta, suna da wani zaman. Sunan na kan harshena kamar ya faɗo, amma in na furta, shaidar ta ɓaci. Ban san lokacin da na durƙusa gaban waya ba, ni da girmana.

“Baffa, don Allah, don Annabi! Inna ba ta da inda za ta sa hannu. Ka rufa mana asiri.”

Alƙali ya daka mini tsawa in koma wurina.

Baffa ya juya fuskarsa wajen bango, ya motsa baki. Murya ta zo a tsinke, ba wanda ya ji. Alƙali ya ce a maimaita da ƙarfi. Sai ya juyo, ya dube ni, ya faɗa da ƙarfi, har da sunan kakanmu. Hawaye na bin ɓarin fuskarsa da ya mutu, hannun bai iya kaiwa ya share ba.

An ba mu fadamar, muka samu shuka kafin ruwa ya cika ta. Da aka yi girbi na aika masa buhu guda a motar masu albasa, sannan na kira in gaishe shi. Ina jin ɗansa ya shiga ɗaki yana gaya masa ni ne. Bai karɓi wayar ba. Daga nesa na jiyo muryarsa.

“Ce mishi na yafe. Amma kar shi sake kira na.”