Zauren da Aka Toshe

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya san kowane bawa da sunansa ko da mutane sun jahilce shi.

A maƙabartarmu ta Yendi akwai kabari ɗaya wanda ni na sallaci mai shi, ni na tsaya har aka mayar da ƙasa, amma har yau ban san sunansa ba. Saura ƙiris ma a ce ba a yi masa salla ba. Labarin wannan ƙiris ɗin nake son in ajiye a rubuce, domin duk lokacin da na wuce wurin sai raina ya tashi.

A Salaga aka haife ni, a gidan da ake saukar da fatake. Ga yadda na tarar ana yi. Baƙo ba shi da hanyar shiga gida sai ta zaure. Can zai sauke kayansa, a kawo masa ruwa ya sha, sannan mahaifina ya tambaye shi sunansa da na ubansa da garin da ya fito. Ba a karɓar kuɗin ɗaki, sai in kayansa sun sayu mai masauki ya sami la'adarsa. Sallar farko da ta riske shi kuwa, mahaifina zai kai shi masallaci, bayan sallama ya miƙe ya ce wa jama'a: «Wannan baƙona ne.» Magana ce gajera, amma nauyinta babba ne. In baƙon ya ci bashi ya gudu, mai masauki za a kama. In ya yi ciwo, shi zai yi jinya. In ya cika, shi ne waliyyinsa, shi zai ba da izinin wanka, shi zai aika wa danginsa.

Da na gama abin da Allah Ya nufe ni da shi na karatu, sai zama ya kai ni Yendi, aka ɗora mini limancin ƙaramin masallacin unguwarmu. Maƙwabcina na jikin katanga wani Alhaji ne mai saukar da baƙi a kan wannan al'ada. Bayan rasuwarsa babban ɗansa ya dawo daga Ikko, a lokacin da mutanenmu suka yi ta dawowa daga Najeriya hannu wofi. Ya tarar da uwa tsohuwa da ƙanne mata, duka suna kallonsa. Ya kuma tarar fatauci ya sake. Masu sayen doya ba sa zama su yi makonni kamar dā. Da lori suke zuwa, su yi lodi, su kwana ɗaya ko biyu su juya Kumasi ko Ankara babban birnin ƙasarmu, kuma ba su neman wanda zai yi musu dillanci. Wurin kwana kawai suke so, su biya su tafi.

Sai ya yanka ɗakunan ubansa ƙanana ƙanana, ya sa wa kowanne kwaɗo. Zauren ma ya sa aka toshe ƙofarsa ta waje da bulo, ya zama ɗakin haya. A maimakonta ya fasa wata 'yar ƙofa ta baya, mai buɗewa cikin matsattsen lungun da ke tsakaninsa da ni. Ƙofar kwano ce, tana da wani kuka in an tura ta. Ina zaune ina ba da karatu, ina tsakiyar fassara wata mas'ala, sai in ji kukan nan, sai hankalina ya bar littafi ya tafi lungu. Wa ya shiga? Wa ya fita? Ban taɓa zaton ƙofar wani za ta hana ni natsuwa a zaurena ba.

Unguwa ta ɗauki zafi. Mata suka ce in sun je famfo da safe sai su tarar da maza waɗanda ba su taɓa gani ba, sun tsaya da asuwaki a baki ba riga. Ruwan wanka ya riƙa malalowa ta lungu har bakin inda ɗalibaina ke ajiye takalma. Wani direba ya tsayar da lori ya tare hanyar masallaci, tsofaffi suka riƙa zagaye. Ga kaset ana kunnawa lokacin da ake kiran salla. Waɗannan na gani da idona. Amma akwai abin da aka ƙara. Duk akuyar da ta ɓata, duk zanen da aka rasa a igiya, sai a ce baƙin gidan Alhaji ne, alhali tun Alhaji yana raye akuyoyi ke ɓata.

Ladaninmu, tsoho ne siriri mai kaifin harshe, abokin marigayin na ƙuruciya, shi ya fi kowa ɗaci. Ya daina kiran yaron da sunansa, sai «mai otal». In ya gan shi a sahu sai ya ce, «Mai otal, yau kai ma kwana nawa za ka yi mana?» Mutane su yi dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Jama'a suka matsa mini in yi magana. Abin da suke so in faɗa shi ne haram ne, ni kuwa ban sami inda zan kafa wannan ba, domin ba da hayar ɗaki halal ce. Haƙƙin maƙwabci kuma gaskiya ne, ba a wasa da shi. Na kira shi zaurena na shimfiɗa masa duka biyun. Ya saurara da ladabi, ya ce zai gyara kwata, zai hana kaset. Da na zo kan zaure, na ce ya buɗe shi ya riƙa sanin waɗanda yake kwanarwa, sai ya yi murmushi.

«Baba Malam, mutumin da zai kwana biyu ya wuce, me zan yi da sunan ubansa?»

Na ce masa ba don kwana biyun ake tambaya ba. Ya ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya tashi. Kwatar ya gyara, zauren bai taɓa ba. Mutanen unguwa suka ce na yi masa sassauci don katangarmu ɗaya, shi kuma ya rage gaishe ni. Haka muka zauna shekaru, ba faɗa a fili, ba kwanciyar rai.

Ranar da abin ya faru lokacin albasa ne, zafi ya yi tsanani. Wata lori daga Bawku, can arewa da mu, ta tsaya a tasha, wani mutum magidanci ya sauka da zazzaɓi a jikinsa, aka nuna masa gidan, ya biya ya shiga ɗaki. Lorin ta wuce kudu. Kashegari da hantsi aka ga bai fito ba, aka tura ƙofa, aka tarar ya cika. Aka sanar da sarkin zango, wato shugaban unguwarmu ta baƙi, ma'aikatan hukuma suka zo suka duba, suka ce ciwo ne, a binne shi. A jakarsa ba a sami komai ba sai tufafi da 'yar wuƙa da goro. Babu carbi, babu wani abin da zai nuna addininsa. Aka duba zanen fuskarsa, wannan ya ce ɗan ƙabilar Busanga ne, wancan ya ce Bakusashe, wani ya ce daga ƙasar Mosi yake. Hausar kasuwa ya yi da mai gida, irin wadda kowa ke yi a Bawku, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ba wanda ya ga ya yi salla. Gaskiyar magana, in ban da mai gida ba wanda ya gan shi ma a unguwa, domin ta ƙofar baya ya shiga.

Bayan azahar jama'a suka ƙi watsewa. Ladan ya ce wanda ya karɓi kuɗin ɗaki shi zai karɓi gawa. Wasu suka ce yaya za a jera sahu a kan mutumin da ba a san ko ya taɓa kallon alƙibla ba, a mayar wa hukuma ta san yadda za ta yi da shi. Na bayyana musu abin da na sani: mamacin da ba a san halinsa ba, in an same shi a cikin unguwar Musulmi, ana kyautata masa zato a yi masa abin da ake yi wa Musulmi, kuma wannan farilla ce a kanmu gaba ɗaya, in babu wanda ya tsaya dukanmu mun ɗauki laifi. Suka saurara, amma ba wanda ya motsa. Na gane ba shakkar addinin mamacin ce ta riƙe su ba, haushin shekaru ne ya sami ranar fita. Hukunci kuwa ba ya ɗaukar makara, sai kafaɗu. Ga rana tana tafiya, ga gawa a ɗaki mai rufin kwano.

Mai wankan gawa na unguwarmu ya ce shi dai tun da yake bai taɓa sa hannu a kan baƙo ba sai mai masaukinsa ya ce nasa ne. A nan na ga inda igiyar take.

Na tashi na bi lungun, na tura ƙofar kwanon da hannuna, karo na farko ke nan da na shiga ta cikinta. Na tarar da ɗan Alhaji zaune a ƙasa a bakin ɗakin, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya gan ni ya yi yunƙurin tashi, na ce ya zauna.

«Baba Malam, ko ruwa ban ba shi ba,» in ji shi. «Mabuɗi kawai na miƙa masa.»

Na ce wannan ya wuce, yanzu akwai kalma ɗaya da ubansa zai faɗa in da yana nan, kuma ita jama'a ke jira. Ya ce yaya zai ce nasa ne alhali bai san shi ba. Na ce ubansa ma bai san kowa ba sai bayan ya shigo masa gida, kuma wannan bawan Allah a ƙarƙashin rufinsa ya cika, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Na kuma gaya masa abin da ke cikin kalmar, don kada ya ce ban faɗa ba: likkafani nasa ne, neman dangi nasa ne, in wani ya zo gobe da bashi ko da tuhuma shi za a nuna.

Ya juya ya kafa wa ƙofar ɗakin ido. Ni kuma ina tsaye ina kallon inuwar katanga tana ƙaruwa. Can ya tashi ya karkaɗe wandonsa, muka fita tare.

A ƙofar masallaci ya tsaya gaban mutanen da suka yi shekaru suna yi masa dariya. Muryarsa ba ta fita sosai ba da farko, sai da ya sake.

«Jama'a, wannan mamaci baƙona ne.»

Ladan ya dube shi sama da ƙasa. «Sai yau, mai otal?»

«Sai yau, Baba.»

Ladan ya yi tsaki, ya juya ya shige bayan masallaci. Na ɗauka tafiyarsa ya yi. Sai ga shi yana jan makara shi kaɗai, yana faɗa wai samarin yanzu sai su bar tsoho ya karye suna kallo. Nan take aka karɓe masa.

Aka yi wanka. Uwar mai gidan ta aiko da farin ƙyallen da ta daɗe tana ajiye wa kanta, aka yi likkafani da shi. Da aka zo fitarwa sai makara ta ƙi ƙofar baya. Aka karkata ta, aka ɗaga, aka sauke, ba ta wuce ba, kuma ko ta wuce babu inda za ta juya a lungun. Wani ya ce a naɗe shi a tabarma a fitar, wani ya ce a miƙa ta kan katanga. Ladan ya ce ba a fitar da Musulmi ta kan katanga kamar akuyar sata. Na lura da kalmar da ya kira shi da ita.

Ɗan Alhaji ya shiga madafa ya ɗauko taɓarya. A zauren da aka mayar ɗaki akwai wata mata mai sayen doya daga Kumasi. Ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane, ta kwashe kayanta ta ɗaure kanta da ƙyalle ta tsaya gefe. Ya yi ta dukan bulon da shi kansa ya sa aka jera, har ya buɗe, hasken titi ya shigo. Ta nan gawar ta fita, ta inda bai shigo ba. Muka sallace shi bayan la'asar, sahu ya cika har bakin hanya. Inda ake ambaton mamaci a addu'a na ce, wannan bawa Naka da Ka fi mu saninsa.

Ɗan Alhaji ya ba direbobi sallahu zuwa Bawku da Garu maƙwabciyarta, ya kwatanta kama da zane da launin rigar. Ba wanda ya zo. Jakar ta daɗe rataye a zauren, wanda bai sake toshewa ba. Hayar ɗaki dai bai daina ba, amma ya sa tabarma da randa a zauren, yana tambayar kowa sunansa da garinsa. Wasu su faɗa, wasu su ga ya cika tambaya su tafi wani gidan, domin kafin nan gidaje da dama a unguwar sun fara ba da ɗakuna, kowanne da 'yar ƙofarsa ta baya. Ƙorafin famfo da na lori bai ƙare ba, gidajen da ake yi da su ne suka ƙaru. Ladan kuwa har ya koma ga Allah mai otal yake kiransa, sai dai ya koma zama a zauren da yamma yana shan ruwan randar.

Ni abin da ya rage mini shi ne na kasa daina jira. Na tsufa yanzu, ba na zuwa tasha, amma in aka ce lorin Bawku ta iso sai in tambaya ko an ga wani ya sauka yana neman ɗan'uwansa.