Tafin Hannun Kakana

Akwai wata ranar Asabar a Riyad da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina shekara ta shida ina aikin injiniya a wani kamfanin gine-gine, mahaifina kuma ya zo Umara, na ɗauko shi ya yi mana mako biyu kafin ya koma Zariya.

Mahaifina magini ne, irin na da, masu tubali da azara. Ni kuwa ina taƙama da siminti da rodi. Na yi ta yawo da shi a mota ina nuna masa dogayen benayen gilashi, har da wanda na sa hannu a aikinsa. Sai ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," shi ke nan. Abin ya riƙa ci mini rai. Da na rasa inda zan kai shi, matata ta ce in gwada Dira, tsohon gari, ko turare ya saya a kasuwa.

Bayan la'asar muka isa, ana ɗan sanyi. Muna fitowa fili sai ga Masmak a gabanmu, tsohuwar ganuwar nan ta jar ƙasa mai hasumiya a kowace kusurwa. Na sha wuce ta ban taɓa tsayawa ba. Baba kuwa cak ya tsaya. Ya manta da turare, ya nufi ƙofar da saurin da na daɗe ban gani a ƙafarsa ba.

Ƙofar babba ce, ta katako mai kauri, a jikinta kuma akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa da sai mutum ya sunkuya zai shige ta. Mutane na ta ɗaukar hoton wani tsinin mashi da ya maƙale a katakon tun zamanin yaƙi. Baba bai ko kalle shi ba. Bango ya nufa, ya ɗora tafin hannunsa yana shafawa a hankali, ya kai hancinsa kusa.

"Mamnu', ya Hajj," in ji wani mai gadi, wato an hana taɓawa. Na ba shi haƙuri, na ce tsohon magini ne daga Najeriya. Ya dubi farin gemun Baba, ya yi murmushi, ya kau da kai.

Muka shiga soron da ke bayan ƙofar, Baba ya zauna yana kallon itatuwan rufi. Ya ce, "Ka ji sanyin wurin? Wanda ya kwaɓa ƙasar nan bai yi gaggawa ba. Tambayar mini shi, an san sunan maginin?" Na tambaya. Mai gadin ya ce ya san sarakunan da suka zauna a ciki, amma magini, Allahu a'alam.

Baba ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Haka namu zauren yake."

Shekara uku kafin nan, Baba yana kwance a asibiti, na tura aka rushe tsohon zauren gidanmu, aka yi na bulo da ƙofar ƙarfe. A ganina gata na yi masa, don zauren ya tsattsage, damina kuma na tafe. Da aka sallamo shi ya ga aiki, ya kira ni ya sa mini albarka. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma na ɗauka ya ji daɗi.

"Kakanka ne ya gina shi," ya ci gaba, idonsa na kan rufin. "Ina ɗan shekara tara, ni na taka masa ƙasar. Ranar da aka gama yaɓe, ya danna hannunsa a saman ƙofa ta ciki, ya ɗaga ni na danna nawa kusa da nasa. Ba mu da hotonsa, ka sani. Kullum zan fita masallaci sai na ɗaga kai."

Na girma ina shiga ina fita ta wannan ƙofa, ban taɓa ɗaga kai ba. Na durƙusa a gabansa, baƙi na wucewa suna kallonmu, na ce, "Baba, don me ba ka faɗa mini ba?"

"Yaushe ka tambaye ni?" Bai faɗe shi da faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. "Zauren kam ya gaji, ko ni na san zai faɗi. Da ka yi mini magana, da na sa an yanko wurin nan kawai. Aikin rabin yini ne."

Na ce ya yafe mini. Ya dafa kaina ya ce ya yafe tun ranar, in tashi kada Larabawa su zaci wani abu ya faru.

Kwana biyar da suka rage masa a Riyad ban ƙara kai shi kallon bene ba. Kullum na dawo aiki sai in ɗauko takarda da fensir, yana faɗa ina zanawa: faɗin tsohon zaurenmu taku nawa, inda azara ta hau, yadda aka ɗaure bakan rufin. In na kuskure ya karɓi fensirin ya ce, "Injiniya, ba haka ba ne." A kwana biyar ɗin nan na koyi abin da ban samu a jami'a ba, na kuma ji labarin kakana fiye da duk abin da na ji a shekara arba'in. Da muka gama, na shafa masa tawada a hannu ya danna a gefen zanen, yana dariya yana cewa na mai da shi mai zaɓe.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Allah ya yi masa rasuwa. Zanen yana nan a ɗakina.

Har yau ina rushe gine-gine, aikina ne, wani ginin kuma dole a rushe shi. Amma na daina yarda cewa kyakkyawar niyya ta isa. Kafin in gyara wa mutum abinsa, ko na fi shi sanin aikin, sai na zauna na tambaye shi abin da ke wurin wanda idona ba ya gani.