Littafin Lissafi Huɗu, Yarinya Ɗaya

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a firamare a Kano, amma ban taɓa ganin an sayi ilimi a kwali ba sai da na je New York wurin babban ɗana. Gwiwa ce ta kai ni, likita ya ce sai an yi aiki, na share kusan shekara a gidansu.

Gidan yana unguwar Tremont, hawa na biyar, ɗaki biyu da falo. Ɗakin da aka sauke ni na jikokina ne, 'yan mata biyu: babbar, wadda aka sa wa sunana, shekararta tara, ƙanwarta shida. Ina shiga na ga bango guda ba a ganinsa, kwalaye ne tun daga ƙasa har kusa da rufi. Na ɗauka kaya ne ake tarawa za a aika gida, kamar yadda mutanenmu na can suke yi. Har na fara sa albarka a zuci.

"Wa za a aika wa duk wannan?" na tambayi surukata.

Ta sunkuyar da kai. "Ba aike ba ne, Hajiya. Kayan karatun yara ne."

"Yaran unguwa?"

"A'a. Su biyun nan."

Tun lokacin annobar da ta sa kowa ya zauna a gida suka saba da karatun gida, da aka buɗe makarantu ba su mai da yaran ba. Dokar ƙasar ta yarda, muddin iyaye za su riƙa rubuta wa ofishin ilimi abin da aka koya duk bayan 'yan watanni. Ni ban ga laifin wannan ba. Surukata mai ilimi ce, mai haƙuri, ita take zama da su tun safe har azahar, Asabar da Lahadi kuma ta tafi aikinta na kula da tsofaffi. Da a ce ita kaɗai ce a cikin maganar, da ban sami abin faɗa ba.

Ɗana motar haya yake ja. Yakan yi awa biyu a layin filin jirgi yana jiran fasinja, ba abin yi sai latsa waya. A nan wata Baturiya za ta fito masa cikin bidiyo, haƙora farare tas, bayanta kanta cike da littattafai, ta ce wannan manhajar ce ta mai da ɗanta gwani. Shi kuma sai ya danna. Bayan kwana uku mai kawo saƙo ya hau bene yana haki. Shi bai taɓa zama ya koya wa yaran nan ko baƙi ɗaya ba. Nasa saye ne, da ɗaukar hoton kwalin ya tura wa abokansa, waɗanda su ma irin ciwon ke damunsu.

Da gwiwa ta hana ni fita, sai na shiga bincike, kwali bayan kwali. Na ga littattafai da ko ledarsu ba a yage ba. Na ga 'yan katakai masu launi na koyon ƙirga, buhu uku, iri ɗaya, kamfani ne kawai ya bambanta. Akwai ƙwarangwal na roba, da ƙwallon taswirar duniya mai magana in an taɓa shi, batirinsa ya mutu tun yaushe. Akwai madubin ganin ƙwayoyin cuta, ga yarinyar da ba ta gama sanin ɗaure igiyar takalminta ba. Har da haruffan Larabci na katako da aka yo oda daga wata ƙasa, alhali ga malamar Islamiyya a masallacin da ke bayan layinsu. Na zauna bakin gado ina dariya ni kaɗai. Na tuna ajina na ƙarshe, yara sun haura saba'in, alli ma sai na karya shi biyu don ya kai ni Alhamis.

Ban tsoma baki ba. Baƙuwa ce ni, kuma namiji da gidansa. Wata guda ina kallo, kwali biyu suka ƙaru.

Wata safiya na soya ƙosai, na zuba goma sha biyar a faranti, na ce wa takwarata ta raba mana mu uku, ni da ita da ƙanwarta. Ta raba daidai, ɗaya-ɗaya, kowa biyar. Sai na ɗauki takarda na rubuta mata lissafin, sha biyar a raba gida uku. Ta ƙura wa takardar ido. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa. Ta ce ba su zo nan ba tukuna.

"To ina kuka tsaya? Ɗauko min littafinki."

Ta tafi ta dawo da guda huɗu a rungume. Na buɗe na farko, rubutun fensir ya ƙare a wajen shafi na talatin. Na biyu ma haka. Na uku bai kai nan ba. Na huɗu sabo ne, makon jiya aka fara shi. Kowanne ya faro daga tarawa, kuma kowanne da tasa hanyar: wani ya ce a zana akwati, wani ya ce a yi tsalle a kan layi, wani ya ce a jera katakai. Yarinya ta koyi tarawa sau huɗu, ta hanya huɗu, har ta fara shakkar wadda ta iya da farko. Rabawa kuwa tana can tsakiyar kowane littafi, ba wanda ya taɓa isa wurinta.

Uwarta tana zaune a tebur da takardar rahoton da za ta aika ofishin ilimi, biro a hannu, ba ta rubuta komai ba. Na ajiye littattafan a gabanta.

"'Yar nan, mene ne wannan?"

Idonta ya ciko. "Hajiya, da mun fara kama hanya sai sabon kwali ya iso. Ya ce wannan ya fi na baya, kowa shi yake yabo. Tsarinsa daban, dole mu koma farko. Yanzu ga shi an ce in rubuta abin da muka ci gaba da shi, ban san me zan ce ba."

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa. Sai ya ce wai so nake a ce ya gaza wa 'ya'yansa."

Wannan maganar ta ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye ba. A ajina ya yi aji uku, a ƙasa yake zama, su biyar a kan littafi ɗaya, shi yakan karanta ta gefe. Na san abin da yake ramawa. Amma tausayin bai daɗe ba, don na sake duban shafi na talatin ɗin nan. Taura biyu ma ba ta taunuwa, shi ya cusa wa yarinya huɗu.

Ranar Juma'a yakan dawo gida cin abinci bayan masallaci kafin ya koma aiki. Tun hantsi na sa surukata da yaran suka jawo kwalayen gaba ɗaya zuwa falo. Ni ina kujera da sandata ina nuna inda za a ajiye. Muka zazzage komai. Da ya buɗo ƙofa bai sami wurin sa ƙafa ba.

"Lafiya, Hajiya? Tashi za mu yi?"

"Lafiya lau. Zauna. Yau kai ne malami."

Na miƙa masa littafin jagoran malami na sabuwar manhajar, wadda ya ce ta fi kowacce, mai kauri kamar bulo. Na sa yaran suka zauna a gabansa. Ya yi 'yar dariya, ya ce fasinja na jira. Na ce fasinja ba zai mutu ba, darasi ɗaya kawai nake so.

Ya buɗe. Shafin farko bayani ne ga malami, na biyu ma bayani, na uku jerin abubuwan da za a tanada kafin a fara. Ya shiga tono cikin tarin kaya yana neman wasu katuna masu launin shuɗi. Ya ɗaga ƙwarangwal, ya ture taswira, ya zazzage buhun katakai a kan kafet. Can ya koma ya sake karanta shafin, sai na ga bakinsa ya tsaya. Katunan ba sa cikin kwalin, daban ake sayar da su.

Wallahi hannunsa aljihu ya nufa, wajen waya.

"Ajiye," na ce.

Ya ajiye. Ya ce to bari ya yi ba katunan. Ya karanta wa yaran wani dogon bayani da ni kaina ban gane ba. Babbar ta ce masa ba haka littafin da suka bari yake cewa ba. Ƙaramar ta sulale ta koma bayan kujera tana sa wa ƙwarangwal ɗankwali. Gumi ya keto masa, ga na'urar ɗumama ɗaki tana aiki, ga babbar riga. Rabin awa bai wuce rabin shafi ba. Na ce yaran su shiga ɗaki.

"Abin da ka ɗanɗana yanzu," na ce, "shi matarka take sha duk sanda ka ga sabon bidiyo. Kai ka danna ka wuce, ita ce za ta zauna da bulon nan."

"Hajiya, don su nake yi."

"Don su? 'Yarka shekara tara ba ta san alamar rabawa ba. Ga littafi huɗu, nuna min wanda aka kai ƙarshensa. Ko ɗaya. A duk falon nan nuna min abu ɗaya da ya ƙare."

Ya bi kayan da kallo.

Ban tsaya lallashi ba, na yanka musu doka kamar yadda nake yi wa sababbin malamai. Kowane fanni littafi ɗaya, kuma uwar yara ce za ta zaɓa, tunda ita ke koyarwa. Ba za a sayi wani ba sai an ga bangon bayan na hannu. In ya ga abin da ya burge shi, ya rubuta sunansa a takarda ya manna a jikin firiji, a bar shi wata guda. In wata ya cika ita ta ce tana bukata, a fara dubawa a laburare ko wurin masu sayar da na hannu. Na kuma sa ya cire katin bankinsa daga cikin wayar a gabana, don na lura saurin dannawar nan shi ne rabin cutar. Da aka duba, ashe har da wasu darussan intanet da ake cire masa kuɗinsu duk wata, ba wanda ya tuna lambar shiga. Surukata ta zauna ta kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Ta zaɓi littafin lissafi na biyu, mafi arha a cikinsu, mai farar takarda ba hoto. Ta ce shi ne yarinyar ta fi ganewa.

Sauran kayan muka ce a sayar. Akwai mata biyar ko shida a masallacin da su ma suke koyar da 'ya'yansu a gida, wasu 'yan Nijar, wasu 'yan Ghana. Bayan karatun da ake yi a masallacin ranar Lahadi, ɗana ya kai mana kwalayen ɗakin mata da ke ƙasa, muka baje a kan tabarma. Na zata wawaso za a yi. Matan suka zagaye kayan suna kallo, ba mai taɓawa. Sai wata 'yar Kumasi ta ɗaga bulon nan ta fashe da dariya.

"Hajiya, wannan ai ina da shi. Har yanzu yana leda."

"Ni biyu gare ni," in ji wata 'yar Zinder. "Maigidan ya manta ya saya, ya sake saya."

Ashe duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. A wasu gidajen mazan ne, a wasu matan ne da kansu, wance ta ga na wance ita ma ta aika a kawo mata. Aka yi ta tonon asiri ana shewa. Ban sayar da komai ba ranar sai buhun katakai ɗaya, shi ma wadda ta saya cewa ta yi jaririnta zai yi wasa da su.

Na ce musu tunda abin ya zama haka, kowa ta kwaso nata. Aka nemi izinin liman, aka sa kanta a kusurwar ɗakin, aka jera. Mai bukata ta ɗauka, in ta gama ta dawo da shi. Kantar ta cika har ta yi ciki, kuma yawancin abin da ke kanta ba a taɓa ara ba har na baro ƙasar. Abin da ake rububinsa kaɗan ne: littattafan karatu na labari, da na lissafi marasa ado.

Takardar firiji kuwa ta sha rubutu. Watan farko abu bakwai ya jera. Da wata ya cika surukata ta karanto masa su, biyar bai ma tuna mene ne ba. Ya yi fushi na kwana biyu, yana cin abinci ba ya ɗaga kai, ni kuwa ko a jikina.

Kafin azumi takwarata ta gama littafin nan har shafin ƙarshe. Ita da kanta ta kawo wa ubanta, ta ce a sayo na gaba. Ya dubi matarsa tukuna, ta gyaɗa kai, sannan ya saya, na hannu, wani yaro ya riga ya yi zane a bangonsa.

Ana saura mako biyu in dawo gida, na ji mai kawo saƙo yana jan wani abu a bene yana tsaki. Kwali ne da ya fi ni tsawo. Na ce a raina an koma gidan jiya. Ɗana ya fito da sauri yana murmushi.

"Ba na yara ba ne, Hajiya. Keken motsa jiki ne. Likitoci sun ce zaman mota yana kashe mutum."

Na dubi surukata, ta kau da kai tana danne dariya. Na ce masa ni malamar firamare ce, wannan ba fannina ba ne. Ya hau shi sau uku a gabana. Ranar da zan tafi filin jirgi, tawul biyu da sallaya ne a rataye a kansa.