Hulata da Gwankin Baba

Bebeji

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, muka bar gida ni da mahaifina. Likita ya ce idon Baba dushewa yake yi, kuma ba zai dawo ba. Da na tambaye shi me yake so ya gani kafin nan, sai ya ce gwanki, irin wanda ya taɓa tare masa hanya a dajin Falgore yana saurayin direba. Ni kuwa sana'ata sayar da turare, ko zaure ba na fita ban fesa ba. Ranar ma sai da na yi wa riga da hula wanka da shi.

Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada

Shida da kwata muka sha koko da ƙosan ɗari biyar a Kwanar Ɗangora, muka shiga motar Doguwa. Muna wuce Tudun Wada wani soja ya tsayar da mu a shinge.

"Ina za ka da tsoho?"

"Kallon namun daji, ranka ya daɗe."

Ya dube ni kamar na zautu. "Ƙarfe huɗu ta yi muku a bakin titi. Bayan nan babu ruwanmu."

Na tuna labarin 'yan bindigar dajin, na duba agogo. Baba ko a jikinsa.

Falgore

Takwas da minti goma muka sami Ɗan'azumi, tsohon maharbin da ya koma gadin daji. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya juyo kaina yana toshe hanci.

"Alhaji, ango ne? Da wannan ƙamshin ko gwaggon biri ba zai tsaya mana ba."

Ya sa na tuɓe rigar, ya ara mini tsummansa, ya mulke ni da toka.

"Hular fa?"

Na ce na bar ta tare da rigar. Ƙarya nake. Sabuwa ce, na ji tsoron a ɗauke, na cusa ta a aljihun wando.

Bakin tafki

Tafiyar minti arba'in a kan babura biyu, sannan muka taka, ina riƙe da hannun Baba. Muka laɓe bayan wani dutse. Gada ta zo, zabin daji suka zo, Baba ya ce ba su ya zo gani ba. Muka yi azahar ɗaya bayan ɗaya. Wajen biyu muka jiyo ƙugin babura can nesa, Ɗan'azumi ya yi mana alamar mu kwanta. Wallahi ban daina duba agogo ba.

Uku da minti biyar sai ga shi, gwanki sha bara, shi kaɗai, ƙahonsa ɗaya a karye.

"Ina yake?" Baba ya raɗa mini.

"Dama da kukar can, Baba."

Yana murza ido, yana laluben kukar, iska ta juya. Gwankin ya ɗaga hanci, ya yi huci, ya bar mu da ƙura. Ɗan'azumi ya kalli aljihuna, ya kalle ni, ya kau da kai.

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, na gan shi."

Gida

Huɗu saura biyar muka fito titi, ana kiran magariba muka shiga Bebeji. Jikoki suka kewaye Baba. Na ji yana ba su labari: ƙaho biyu zara-zara, mace a bayansa, yana tsaye tsakiyar titi, ruwa na zuba a gadon bayansa. A nan na gane na samartakarsa yake faɗa musu, namu bai gan shi ba. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ɗan'azumi da ya rufa mini asiri. Hular tana nan rataye a ƙusa, har yau tana ƙamshi, ban ƙara sa ta ba.