Unguwa ta Arba'in da Ɗaya

A ofishin ruwa kowa Mai Zare yake ce masa, har masinja. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaki guda, fanka na ƙara a kansa, taswirar gari manne a jikin katako. Kowace unguwa ƙusa ce. In za a ja bututu, sai ya ɗauko jan zare ya fara daga babban tanki. Ya duba ƙusar da ta fi kusa da inda zare ya riga ya kai, ya ɗaure, ya sake dubawa. Ba ya yarda zare ya zagayo inda ya riga ya bi, wai asarar bututu ce. Yadda ya ɗaura, haka masu haƙa za su bi: na kusa farko, na nesa ya jira.

Taurin kai kuwa, sai dai a yi shiru. Wani babba ya taɓa aikowa a sa unguwarsu gaba, Mai Zare ya ce a gaya masa zare ba shi da dangi. Maganar nan ta zaga ofis, shi kuma ya ji daɗinta fiye da kima.

Bana aka tashi kai ruwa bayan gari, unguwa arba'in da ɗaya. Aka kawo wata injiniya da kwamfuta, aka ce ya koya mata dabararsa ta zuba a ciki. Da murnarsa ya zauna, yana faɗa tana rubutawa.

"Baba, ba wata togaciya?" in ji ta.

"Ko ɗaya, 'yata. Na kusa farko."

Kafin ya gama shan shayi takarda ta fito. Ya bi ta da yatsa yana neman unguwar Yaya, yayarsa da ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana can bayan dutse, gwiwa ta ci ta, kullum sai ta gangara rijiya. Ya san da nisa, amma ya ɗauka ko ta ashirin ce. Yatsa ya yi ta sauka, sai da ya kai ƙarshen takarda. Ta arba'in da ɗaya. Mai sito kuwa ya riga ya faɗa, bututun da ke ƙasa na unguwa talatin ne, sauran sai wani jiƙon.

Ya koma kan katakonsa ya ja zare da hannu, ko Allah zai sa na'urar ta yi kuskure. Sau uku yana warwarewa. Ina! Zaren ma abin da ya ce ke nan.

"'Yata, ba yadda za a yi a matso da ta ƙarshen nan gaba?"

"Akwai, Baba. Sai in rubuta dalili, shugaba ya sa hannu. Me zan rubuta?"

Me zai ce? Cewa Yaya tana da ciwon gwiwa? Sauran goman da za su jira, kowace akwai tsohuwar wani a ciki. Ya ce ta bari, ya fita baranda ya tsaya, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ranar Asabar da hantsi ya je. Ya tarar da Yaya a tsakar gida da maƙwabta biyu.

"Ga shi nan!" ta ce. "Ba na gaya muku ƙanena ne mai rabon bututun ba? Auta, yaushe za su iso?"

"Ana kan hanya, Yaya."

"Kun ji ko?"

Ya so ya gaya mata bayan sun tafi. Ya zauna, ya gyara hula, ya ɓige da tambayar lafiyar akuya. Da ta dafa bango za ta miƙe, hannunta na laluben bokiti, ya yi wuf ya riga ta ɗauka, ya nufi ƙofa da takalminsa na ofis.

"Kai, ajiye!" ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "In suka gan ka da bokiti za su ce ruwan ba zai zo ba."

Ya ajiye. Yana tsaye a bakin ƙofa ta wuce shi, tana jan ƙafa, ta gangara.