Inda Nardu Ya Ɗaga Madubi

Duk ƙauyen babu mai kiran Nardu da sunansa sai matarsa Vitor da wansa Lonzu. Sauran mutane Akawu suke ce masa, Akawun Tsuntsaye, saboda ɗan littafin nan da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Kuma ba yabo ba ne. A nan tsibirin Gozo namijin da ya tashi da sassafe a watan Afrilu ya hau tudu babu bindiga a kafaɗa, ko dai ba shi da lafiya, ko kuwa akwai wanda ya aiko shi.

Shekararsa sittin da takwas, talatin da uku a ciki ya yi su yana hawa tudun yamma da madubin hangen nesa rataye a wuya. Kafin nan maharbi ne ɗan maharbi. Ubansu ya mutu ya bar musu gona mai duwatsu, da ɗakunan fako biyu a bakin tudun, irin 'yan zagayen duwatsun nan da ba su wuce ƙirjin mutum ba, taku arba'in tsakaninsu. Ya kuma bar kabad ɗin gilashi cike da tsuntsayen da aka cusa wa auduga aka sa musu idon kwalba. Lonzu ya ɗauki kabad da yake shi ne babba. Ɗakin fako kuwa kowa ya riƙe ɗaya.

Mutane na so a ce wani babban abu ne ya same shi har ya ajiye bindiga. Babu wani babban abu. Aikin ɗaure igiya yake a jirgin ruwan da ke kai da kawowa tsakaninmu da Malta. Wani fasinja ya manta madubinsa a kan benci, aka ajiye shekara guda babu wanda ya zo nema, aka ce Nardu ya ɗauka. A Afrilun shekarar bindigarsa na wurin gyara, sai ya hau tudu da madubin don kada ya zauna gida Vitor ta samo masa aiki. Kurciya ta sauka a kan itacen ɓaure. Ya kashe irinta sun fi dubu, ya fige ya ci, amma ranar ya fara ganin yadda ƙirjinta ke bugawa bayan ta ƙetaro teku daga Afirka ba ta sauka ko'ina ba. Haki take kamar tsohuwar da ta hau bene. Da aka gama gyaran bindigar ya je ya karɓo, ya jingine ta bayan akwatin kaya, tana nan har yau.

Ya sha wahala a kai. Sau biyu ana fasa masa tayar mota, sau ɗaya aka sare masa 'yan itatuwan zaitun guda shida da ya dasa. A ƙofar coci mutanen da suka yi makaranta tare sai su kama duban takalmansu in ya taho. Baƙin nan masu kallon tsuntsaye da ke zuwa daga ƙetare da manyan kyamarori su kuma suna so ya riƙa kai ƙara in an harbi abin da doka ta hana. Bai taɓa kai kowa ba. Yaya za ka kai ƙarar mutumin da ya ɗauki akwatin gawar ubanka? Shi ke nan maharba suka ce ɗan leƙen asiri ne, masu kyamara suka ce matsoraci ne. Shi dai ya ci gaba da rubutunsa: rana, iska, irin tsuntsu, guda nawa. Wanda aka harbo a gabansa sai ya yi masa ɗan gicciye a gefen layi.

Gajiyar da ke jikinsa yanzu ba ta gwiwa kaɗai ba ce, ko da yake gwiwar ma ta ishe shi. A littafinsa na farko akwai safiyar da kurciya ɗari huɗu suka wuce kafin ƙararrawar ƙarfe takwas. Bara mafi yawa da ya gani a safiya ɗaya goma sha ɗaya ne, an sauke huɗu.

"Nard, ƙafar nan sai ta kayar da kai a tudun can wata rana," in ji Vitor, tana shafa masa tumatir da man zaitun a burodi. "Tsuntsayen nan sun ma san da zamanka kuwa?"

"Ba su sani ba."

"To."

Kullum iyakar maganar ke nan, sai ta ƙara masa cukun tumaki ta naɗe.

Abin da ya hana shi ajiye madubin abu ɗaya ne: baƙar shamuwa. Ba kowace shekara take biyowa ta kanmu ba, in ma ta biyo ɗaya ce ko biyu. Ubansu yana da ita a kabad, da dogon jan bakinta da ya yi ta sabunta mata da fentin jirgi, kuma tun Nardu yana ɗan ƙarami yake tsayawa gabanta. Da rai kuwa sau biyu ya gan ta. Na farko ɗigo ne can a sama. Na biyu, shekara goma sha huɗu da suka wuce, ta taho ƙasa-ƙasa, ya kama ta a madubi, bai gama jan numfashi ba bindiga ta tashi daga ƙasan tudu. Doka ta hana harbinta, amma kabad ba ya tambayar doka. Burinsa bai wuce ya gan ta sosai sau ɗaya ba, ya bi ta da ido har ta fita daga tsibirin da fikafikanta biyu. Lonzu ma ita yake jira, don asu ya cinye ta uban har auduga na leƙowa ta wuyanta, kuma ya rantse ba zai mutu ya bar gurbin haka ba.

Duk da haka ba su daina gaisawa ba. Kowace Lahadi bayan coci gidan Lonzu ake cin abinci, matarsa Kelina ta dafa zomo da tafarnuwa, 'yan'uwan su yi ta tsokanar juna a gaban kabad ɗin. Lonzu ya ba saba'in da huɗu baya, yanar ido ta rage masa gani, ya kuma ƙi zuwa likita ya cire ta.

Lahadin nan ta tsakiyar Afrilu ya miƙa hannu neman gishiri, sai ya tsoma yatsa a kofin giyarsa.

"Yaya," in ji Nardu, "kai da ba ka ganin gishiri a gaban hancinka, yaya aka yi jiya ka sauke kurciya biyu?"

Lonzu ya lashe yatsan yana dariya. Kofi na uku ke nan. "Ina da kare mai kyau."

"Karenka ya mutu bara."

"Wannan mai ƙafa biyu ne, da farar hula."

"Lonz, rufe bakinka ka ci abinci," in ji Kelina.

Ina, bakin ya riga ya buɗe. "Ɗigo a sama ba na gani, gaskiya ne. Amma farar hularka da gwiwoyin hannunka in sun tashi, a taku arba'in, ai ko makaho ya gani. Ka juya kudu, in juya kudu. Ka bi ta a hankali, in bi ka a hankali, har ta iso inda idona zai kama. Wallahi ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, Nard."

"Tun yaushe?"

"Ni? Tun da idon ya fara. Sauran kuwa sun riga ni tun da daɗewa. Duk tudun nan kai ake kallo, Akawu, babu mai hango abu kafin kai. Me kake tsammani ya sa aka daina fasa maka taya?"

Nardu ya ajiye cokali. Bai yi faɗa ba, ba shi da ƙarfin faɗa. Ya gode wa Kelina, ya ce zomon ya yi daɗi, ya ɗauki hularsa. Vitor ta bi shi a baya har gida.

Da la'asar ya sauko da kwalin littattafansa ya baje su a tebur. Bai ƙirga gicciyen ba, ya dai yi ta buɗa shafi yana ganinsu, layi bayan layi, da rubutun hannunsa mai kyau na akawu. Shekara da shekaru yana zaune a tudu yana jin shi ne shaidar tsuntsayen nan, ashe shi ne mai nuna su. Ya kai kan shafin shamuwar nan ta shekara goma sha huɗu. Ya tuna yadda ya miƙe tsaye ranar don murna, yadda ya ɗaga madubin sama kowa na gani. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga shi babu wanda zai ba haƙuri.

Kwana uku bai hau tudu ba. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya share tsakar gida sau biyu a rana, ya zauna ya tashi. Ranar Alhamis gari ya waye da iskar gabas da gajimare ƙasa-ƙasa, irin safiyar da tsuntsaye ke saukowa dole. Vitor, wadda ta yi shekara talatin da uku tana roƙonsa ya zauna gida, ta dangwarar masa da ƙunshin burodi a gaba.

"Tashi ka tafi tudunka. Ka ishe ni."

Ya tafi, amma ya yi wa kansa alkawari madubin a cinya zai zauna. Ranar aiki ce, samarin duk suna wurin aikinsu. Lonzu ne a ɗakinsa na fako, sai wasu tsofaffi biyu can ƙasa kaɗan, kowa da bindigarsa a kan dutse.

"Barka da dawowa, Akawu!" Lonzu ya kwaɗa masa kira. "Kwana uku ko fiffike ban taɓa ba!"

Nardu ya shige ɗakinsa na fako. Ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa. Tsattsewa suka yi ta wucewa, bai rubuta ba. Kurciya biyu suka gifta ta kudu, ya gan su da ido tsirara, ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa har suka wuce. Babu wanda ya harba. Abin ya yi masa daɗi kaɗan, ya kuma yi masa ciwo, don ya tabbatar da maganar Lonzu.

Wajen ƙarfe tara wani abu ya motsa a gefen idonsa na hagu, ta gabas, daga cikin kwarin da ke bayan tudun. Babba ne, baƙi, yana tafe ƙasa-ƙasa da bugun fiffike mai nauyi na wanda ya gaji. Bai juya kai ba, amma ya sani. Jikinsa duka ya sani. In ta ci gaba a haka za ta bi ta bayan ɗakunan fako, kusa har ka jefe ta da dutse, kuma irin girman nan ko Lonzu ba ya bukatar kowa in ya waiwaya. Hannun Nardu ya riga shi, madubin har ya kai ƙirji.

Sai ya miƙe tsaye. Ya juya mata baya, ya fuskanci yamma inda babu komai sai teku, ya ɗaga madubin sama, ya buɗe gwiwoyin hannu yadda kowa zai gani. Har ya ɗan matsa gaba kamar wanda murna ta kama.

Ya ji motsin bindiga ana ɗauke ta daga kan dutse, ya ji ta biyu da ta uku.

"Mene ne, Nard?" Lonzu ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa. "Me ka gani?"

"Tana zuwa. Yi haƙuri."

A cikin madubin ruwa ne toka-toka da sama toka-toka. Ya bi babu a hankali, daga hagu zuwa dama, yadda ya saba bin tsuntsu. Shamuwa ba ta kuka, ba yadda zai san inda ta kai. Sau ɗaya ya ji kamar an kaɗa bargo a bayansa, sau biyu, kusa ƙwarai, wuyansa ya nemi juyawa da kansa, ya danne shi. Kafaɗunsa suka fara zafi, idonsa ya cika da ruwa har tekun ma ya daina gani. Bai sauke ba. Ya ba ta lokacin da za ta ƙetare gonaki, ya ƙara mata na wuce hasumiyar coci, ya ƙara mata wani don gajiyarta.

Da hannuwan suka ƙi, madubin ya faɗo ƙirjinsa. Ya waiwaya. Gajimare ne kawai a arewa.

Tsofaffin biyu suka mayar da bindigoginsu kan dutse suna ƙunƙuni. Lonzu ya daɗe a tsaye. Sannan ya fito daga ɗakinsa, ya lallaɓo taku arba'in ɗin nan yana taɓa katanga, ya tsaya kusa har yana jin hakin ƙaninsa.

"Ta baya ta bi ko?"

"Ta baya."

"Ita ce?"

"Ita ce."

Nardu ya jira zagi. Lonzu ya jingina bindigar da katanga, ya zauna a kan dutse, ya goge idanunsa masu yana da bayan hannu.

"To gaya mini, Nard. Bakin nata ja ne sosai kamar na Baba, ko fenti ne ya yi yawa?"

"Ban gani ba, Yaya."