Masu Ɗiban Wuta a Gidan Dada

Ni ban iya kwana-kwana a magana ba, a rubutu ma ba zan koya ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga baƙina ya karkace ya yi haƙuri, zancen dai a miƙe yake.

A Lamorde na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. Dada muke ce mata, yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiranta, ko da yake mijinta baduku ne da ya zo Mubi daga ƙasar Katsina da buhun fatunsa, ya mutu bai bar mata komai ba sai ɗaki biyu da basilla. Ubana ya bi motar kaya ya ƙetare iyaka, bai dawo ba. Uwata ta yi wani aure a nesa. Gidan ya rage daga ni sai Dada sai murhu.

Ba ta da gona, ba ta da ɗa mai aiko mata, gwiwoyinta kuma sun daina kai ta kasuwa. Amma ban taɓa kwana da yunwa a gidanta ba, kuma sai da na girma na san dalili.

Wutar Dada ba ta mutuwa. In mun ci tuwo bayan magariba, sai ta tura gungume guda cikin murhu, mu zauna a gabansa, ita a kan turmin da aka kifa, ni a ƙasa ina ɓare gyaɗa. Sauran yaran unguwa suna da 'yan'uwa da za su yi ta ƙyaƙyata dariya tare. Ni kaɗai ce masu sauraron Dada, ni ce mai amsawa, ni ce mai gyangyaɗi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe, a shimfiɗa mata." Ni kuma in ce, "Ta zauna, amma ba mu da fura." Ta ce, "Rowa dai a jininku take, Ladi, tun daga kakanki." Sannan ta fara.

Akwai guda da ta fi maimaitawa, har nakan ce mata na gaji da ita. Wai a wani gari a gindin dutse akwai wata tsohuwa da ba ta da kowa sai wuta. Kowace safiya matan gari kan zo ɗiban garwashi a wurinta, kuma ba a zuwa ɗiban wuta hannu sake. Wannan ta ajiye tafin gari, waccan kuɓewa, wata ɗan gishiri. Da haka tsohuwa ke ci.

Sai aka yi sabon sarki mai son tsari. Ya ce wannan ai hargitsi ne, wani tsoho ya samu da yawa, wani bai samu ba. Ya sa aka gina rumbu a kan dutse, kowa ya riƙa zuba nasa tafin a can. Duk tsayuwar wata, kowane tsoho ya hau ya nuna fuskarsa ga mai tsaron rumbu, a auna masa rabonsa. Don kada mata su riƙa ɓata safiya wajen yawon neman wuta, ya raba wa kowane gida ƙyastu da audugar rimi. Gari ya yi ta sa masa albarka.

Watan farko tsohuwa ta hau. Na biyu ta kai rabi, gwiwa ta ƙi. Na uku ko ƙofar gida ba ta fita ba. Mai tsaron rumbu ya ce wanda bai zo ba ya mutu, ya mayar da rabonta ciki. Kullum da safe yana hango hayaƙinta daga can sama, amma ya ce shi fuska aka ce ya duba, ba hayaƙi ba. Mutanen gari kuwa in an ambace ta sai su ce, "Ai sarki ke ciyar da ita yanzu."

Ana nan aka yi wani ruwa mai kwana da kwanaki, ya jiƙe audugar kowa. Aka ƙyasta, aka ƙyasta, ba wuta a gari kaf. Sai a lokacin wata ta tuna da tsohuwa. Suka ɗunguma gidanta da kasake a hannu. Suka tone toka, ga garwashi ja wur. Wutar na da rai. Mai wutar ce babu, kuma ta daɗe da tafiya, har gungumen da ta tura na ƙarshe ya kusa cinyewa.

A nan Dada takan ɗauki ludayin ƙarfe ta fara jawo toka kan garwashi.

"To sun ɗibi wutar?" in ji ni.

"Sun ɗiba mana. Kin taɓa ganin wanda kunya ta hana shi dafa tuwo?"

"Sarkin fa, an yi masa wani abu?"

"Me za a yi masa? Ai ba da mugunta ya yi ba. Tashi ki kwanta, uwar tambaya. Baƙuwa ta tafi, na rufe sawunta da toka."

Ina ƙin wannan tatsuniyar saboda ba a hukunta kowa a cikinta. Ban lura ba cewa da asuba tatsuniyar ce ke shigowa gidanmu da ƙafafunta. Kafin rana ta fito, sai ka ji sallama. Matar mahauci, matar mai gyaran keke, amaren unguwa da wutarsu ta mutu musu cikin dare, kowace da kaskonta. A bakin ƙofar ɗakin Dada akwai wani tsohon faifai. Ba wadda ke cewa ga shi, Dada kuma ba ta kallon faifan, balle ta yi godiya. Gaisuwa kawai ake yi, a tambayi gwiwa, a ɗan yi gulmar mazaje, a tafi da garwashi. In sun watse sai ta ce, "Ladi, kwashe wancan, kaji za su ɓata." In tarar da garin dawa, daddawa, wani lokaci har da ɗan ƙashi mai nama a jiki. Wannan faifan shi ne fanshon Dada, ko da yake kalmar ba ta taɓa shiga bakinta ba.

Ni ke zuwa bakin mayo, wato rafi, nemo itace, kuma gungumen da zai kwana yana ci ba ƙaramin nauyi gare shi ba. Sannu a hankali ashana ta yi araha, risho ya shigo gidaje. Sallamar asuba ta riƙa raguwa. Ba wadda ta yi faɗa da Dada, ba wadda ta ƙi ta. Buƙatar zuwa ce kawai ta ƙare. Tuwonmu ya koma kunu, kunun ya riƙa tsinkewa.

Wata rana na yar da itacen a tsakar gida na ce, "Dada, wa muke ƙona wa wannan duk dare? Ba mai zuwa."

Ta ce, "Ɗauke shi ki kawo nan. Yunwa ba ta ba ni tsoro, na san ta tun kafin a haifi ubanki. Abin da ba na so, in kwanta a ɗakin nan har ƙuda ya riga mutane sani."

Mace ɗaya ce ba ta daina zuwa ba. Maryamu, wata Bagudiya, 'yar wata ƙabilar yankinmu, mai kawo kayan miya kasuwa daga wajen Digil, ba ma addininmu ɗaya da ita ba. Takan ratso ta gidanmu da kwando a kai, ta tsaya ta ce, "Dada, wuta yana nan?" Dada ta ce, "Yana nan, 'yata, mai shi ma yana nan." Ta ɗibi garwashi a kasko, ta bar yakuwa ko tattasai a faifai. Wata safiya na hangi kwalin ashana ɗaure a bakin zaninta, na kuma ga ta juye garwashin a bayan danga ta wuce abinta. Mai zuwa kasuwa me za ta yi da wuta? Na ruga na gaya wa Dada, ina ji kamar na kamo ɓarawo.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Idonki ya fi hankalinki girma. Rufe baki."

Bayan na yi aure na koma cikin gari, Dada ta ƙi tashi daga Lamorde. Da damina ta rasu. Maryamu ce ta yi sallama ba a amsa ba, ta ajiye kwandonta ta shiga. Tokar na da ɗumi, jikin Dada ma bai gama sanyi ba. Ƙuda bai riga kowa ba.

Yanzu ni ce tsohuwar. Na yi aikin shara da wanki a wani asibiti har ƙarfina ya ƙare, aka sallame ni da fansho. Ba na raina shi, gumina ne, wanda ya ce kyauta ake ba ni ya zo ya faɗa a gabana. Amma fansho ba ya sallama. Waya ce ke yin ƙara sau ɗaya a aljihu, shi ke nan. Ba ya tambayar gwiwa. In na sayi maganin hawan jini da masara da gawayi, abin da ya rage ba ya ganin tsakiyar wata, kuma kullum mudun ƙara tsada yake, kuɗin suna nan inda na bar su.

Sannan ga hawan dutse. Lokaci-lokaci sai a ce mu je tantancewa, mu shiga mota mu yi doguwar tafiya don mu nuna ba mu mutu ba. Zuwana na baya, na ɗora babban yatsa a kan gilashin na'ura, ta ƙi. Ruwan wanki da sinadarin goge ƙasa sun cinye zanen yatsun tun tuni. Yarinyar da ke wurin ta goge, na sake ɗorawa, ta ce, "Mama, na'ura bai gan ki ba."

Na ce, "Ke fa, kin gan ni?"

Ta ce, "Na gan ki, Mama, amma ba ni ke biya ba."

Ba da mugunta ta yi ba ita ma. Aka tsayar da kuɗina watanni kafin a gyara. A cikin watannin nan ɗana Sani da ke aiki a kudu ya kira, muka gaisa, ya ce abubuwa sun yi masa tsauri, amma hankalinsa kwance tunda ina da fansho. Ban gyara masa ba. Na ajiye wayar, na zauna gaban murhu, na ji muryar Dada sarai kamar tana kan turminta: ai sarki ke ciyar da ita yanzu.

A bayan katangata akwai wata dattijuwa, Goggo Aisa, da ta zo daga wajen Maiha a shekarar da kowa ya yi gudun tsira, ba ta koma ba don ba ta da wanda za ta koma wa. An sha cewa za a turo wa irinsu tallafi ta waya. Ita ko wayar ba ta da ita. Da kara da ɓawon gyaɗa take hura wuta, ina ganin hayaƙinta siriri kowace safiya, na kuma yi shekaru ina ganinsa kamar wancan mai tsaron rumbu.

Ranar da kuɗina suka dawo, washegari na ɗauki tsohon murfin tukunya, na ƙulla garin masara a leda, na zagaya na yi sallama. Ta dube ni, ta dubi murfin.

"Maman Sani, ashana ya ƙare ne?"

"Ban ce ta ƙare ba. Wuta na zo ɗiba. Yaya gwiwa?"

Sai ta jawo garwashi da ɗan kara ta zuba mini. Na ajiye ledar a kan wani kwano da ke bakin ƙofa. Ba ta kalli wajen ba, sai na san tsohuwar ta san abin tun daga garinsu. Tun ranar nake zuwa. In wata ya yi nisa, ledar takan koma ɗan gishiri da kuka, amma ina zuwa.

Tawa wutar kuwa, kullum bayan isha ina tura mata gungume, in rufe ta da toka yadda Dada ke yi. Itacen ya yi tsada, na sani, mai sayarwa ma ya tambaye ni me tsohuwa ɗaya ke dafawa haka. Na sa faifai a bakin ƙofa. Har yau ba wanda ya yi sallama da asuba. Gobe ma zan sayo gungumen.